Fankar da Ragab Ya Cire

Ragab ya kwance noti na huɗu, ya cusa hannu biyu tsakanin inji da lagireto, ya zaro fankar ya yi wurgi da ita. Ta faɗi a kan simintin gareji, ta gangara, ta je ta kwanta daf da ƙafar Usta Himeda, babban makanike mai garejin.

Usta bai ko janye ƙafar ba. Yana zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingina da bango, da kofin shayinsa na farko a hannu, domin ko rabin awa ba a yi da fitowa daga sallar asuba ba.

"Shekara talatin tana yi wa injin nan fifita," ya ce, "yau ka sallame ta ko sannu babu."

"Ba fifita take yi ba, Usta, sata take yi. Duk kilomita sai ta yagi rabonta a tankina."

"Wa ya koya mata satar?"

Ragab ya yi kamar bai ji ba, don ya san amsar. Fankar tsofaffin jif ɗinmu na sahara ba a manne take da inji ba. A tsakiyarta akwai wani kai mai faɗin tafin hannu biyu, cike da wani mai mai kauri kamar zuma. In inji na da sanyi, man ya saki, fanka ta yi ta lilo ba ta cin komai. In ya ɗauki zafi, man ya kama, ta tashi da ruri ta zuƙo iska. Duk direban kirki a garinmu Bawiti, kafin bazara ta kankama, yakan kai a buɗe masa kan a ƙara man, aikin awa ɗaya. Shi kuwa gogan naka, shekara biyu da suka wuce nasa ya tsiyaye, ya ga kuɗin man sun yi masa tsada, sai ya huda kan ya ɗaure shi tamau da ƙusoshi biyu. Tun daga ranar fanka ba ta sake hutawa ba, da sanyi da zafi tana ruri, motar kuma tana shan dizal ba ƙaƙƙautawa. Usta ya faɗa masa tun bara cewa kan ya lalace, sai an aiko da wani daga kasuwar 'yan gwangwan ta Alƙahira, kwana huɗu ya iso. Ragab ya ce zai duba. Bai duba ba sai shekaranjiya, da kwana huɗun suka zama babu su.

Abin da ya tashe shi da asubar fari haka, Haj Ghanim ne. Haj yana da gonar zaitun a Umm Sidra, kilomita ɗari da goma arewa da gari, ba kwalta ko taku ɗaya, da ma'aikata talatin da sai an kai musu garin alkama da gas da magani sau biyu a mako. Direbansa ya tsufa, ido ya ƙi. Mutum biyu suka nemi aikin, Ragab da Ashur. Da yake Haj ne zai riƙa zuba mai, sai ya yanke hukunci irin nasa: yau kowa zai karɓi lita sittin, a je a dawo da kaya iri ɗaya, wanda ya dawo da sauran mai mafi yawa aiki nasa ne.

Wata biyar ke nan Ragab bai ɗauki baƙo ko ɗaya zuwa yawon sahara ba. Yayan matarsa ya samo masa gadin wani bene a Giza, da ɗaki a ƙarƙashin matakala, da sharaɗin ya sayar da motar ya taho. Da safen nan ma, da matar tasa Nagat ke miƙa masa burodi da cuku a leda, sai da ta ce, "In aikin nan ya kuɓuce, Abu Hani, wallahi da kaina zan kira Yaya." Ragab ya gwammace komai da ya riƙa buɗe wa 'yan birni ƙofa yana ce musu ranka ya daɗe.

Ya buɗe bayan mota ya fito da wata 'yar baƙar fanka ta roba, da wayoyi biyu suna reto.

Usta ya nuna ta da haɓa. "Wannan fa? Daga shagon aski ka ciro ta?"

"Ta lantarki ce. Jikin wata tasi da ta yi haɗari na samo ta. Ba ruwanta da inji, batir take ci. Duk motocin zamani ita ce a jikinsu. Na gani a waya, wani injiniya ya yi bayani tiryan-tiryan, kashi goma cikin ɗari na mai take ragewa."

"Injiniyan ɗan ina ne?"

"Jamus."

"Madalla. Ya taɓa ratsa kwarin Tukunya a watan Yuli, iska na bayansa?"

"Inji inji ne a ko'ina, Usta."

"Haka ne, Basha. Jaki ma jaki ne a ko'ina." Usta, da ya laƙaba masa sarautar manyan birni don gatse, ya kurɓi shayi. "Hannuna dai ba zai taɓa ta ba. Kuma in aka tambaye ka inda aka yi wannan aika-aika, ka ce a bakin titi, kar ka ambaci garejina."

Ragab ya ɗaure ta a jikin lagireto da waya ta kusurwa huɗu, ya haɗa ta da batir, ya tada mota. Shiru! Injin na kaɗawa a hankali, babu ruri, sai wani ɗan siririn kuka na sabuwar fankar. Ya dubi Usta yana washe baki. Usta ya tashi ya ɗauki tsohuwar fankar daga ƙasa, ya kaɗe mata ƙura, ya rataye ta a ƙusa.

Ƙarfe bakwai suka haɗu a gidan mai na bakin gari. Haj Ghanim ɗan tsamurmurin dattijo ne cikin farar jallabiya, mai arzikin da ake faɗa, mai rowar da ta fi arzikin suna. Shi ne mutumin da ke kashe injin motarsa in zai gangara tudun masallaci. Ya zura sanda a tankin kowa don ya tabbatar babu abin kirki a ciki, ya tsaya a kan mai zuba man har aka cika lita sittin-sittin, sannan ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko wani ya ɓoye jarka.

Ashur na tsaye gefe yana goge gilashi da gefen rawaninsa. Ya haura sittin, magana a hankali, tuƙi a hankali, har direbobi na kiransa Kunkuru, shi kuma yana amsawa. Ƙofar motarsa ta baya da igiya ake ɗaure ta, fenti kuwa rana ta cinye shi tuntuni. Ya zagaya motar Ragab sau ɗaya, ya ga an sauke ƙarfen ɗora kaya na sama, an cire taya ɗaya daga cikin safaya biyu, an ɗura wa sauran iska sun yi tauri kamar dutse.

"Jarkokin ruwa fa, Abu Hani?"

"Nauyi ne, Amm Ashur. Kilo arba'in na banza."

Mutum ya shiga sahara a watan Yuli ba ruwa don ya rage nauyi! Da mahaifin Ragab na raye ya ji wannan, da a gaban jama'a zai zare takalmi. Ashur ya koma ya ƙara ɗaure nasa jarkokin.

Aka loda wa kowa buhun gari shida da tukunyar gas huɗu. Haj ya ce zai tafi a motar Ashur, ya dawo a ta Ragab, don kar wani ya ce an yi masa rashin adalci.

Tafiyar zuwa kam ta yi wa Ragab daɗi, har ta yi masa yawa. Iskar arewa na bugun hancin motar kai tsaye, safiya ce, ƙasa tsakuwa ce mai tauri. Allurar zafi ta kwanta ƙasa da rabi ta ƙi motsi. Ko a Tukunya, da yake yashi bai gama sakin sanyin dare ba kuma iska na gaba, ya ratsa ba tare da ya sauke iskar ko taya ɗaya ba. Ya kunna rediyo, ya kunna sigari, yana duba madubi yana hango ƙurar Kunkuru tana ƙara nisa. Ya yi ta tsara yadda zai shiga garejin Usta gobe, ya zauna a kujerar nan tasa, ya ce a kawo masa shayi.

Ya riga su isa gonar da kusan rabin awa. Kafin su iso ya tara ma'aikata shida a gaban bonet yana yi musu lacca a kan injiniyoyin Jamus. Mutanen da rabonsu da ganin baƙuwar fuska kwana huɗu ne, ko karatun lambar mota ka yi musu za su saurara. Da Haj ya sauko, ya zura sandarsa a tankunan biyu, ya duba, ya ɗaga gira.

"Lita huɗu ka fi shi, Ragab."

"Somin-taɓi ne, ya Haj."

Aka sauke kaya, aka yi azahar, aka ci shinkafa da miyar dankali a inuwar rumbu, aka yanka kankana. A ƙa'ida babu mai barin Umm Sidra kafin la'asar a irin wannan wata. Amma Haj na da zaman rabon ruwan rijiya a gari da yamma, kuma bai yarda a raba ko ɗigo ba ya wurin. Ya ce ƙarfe biyu za a tashi. Aka ɗora wa kowace mota durom biyu na zaitun.

Ragab na bayan rumbu yana wanke hannu Ashur ya same shi.

"Iska ta ƙaru, Abu Hani, kuma yanzu a bayanmu za ta kasance. Na leƙa bonet ɗinka. Babbar fankar tana ina?"

"Tana ado a bangon Usta."

Ashur ya dubi ƙasa. "To ka ji. A bakin Tukunya ka tsaya ka sauke tayoyi. In allura ta wuce rabi, ka juya hanci arewa. Ga jarkata ɗaya, ka ɗauka."

Ragab ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, Amm Ashur! Ashe kunkuru ma ya iya dabara. Ka sauke kilo ashirin daga motarka ka ɗora a tawa, sannan in tsaya ina ƙona mai a tsaye kana wucewa? Riƙe ruwanka, Allah ya amfana."

"Ni dai na faɗa."

"Ka faɗa, na ji, na gode."

Suka kama hanya, Haj a gefen Ragab da carbi a hannu. Kilomita talatin na farko lafiya lau, sai dai allura ta tashi daga inda ta kwana da safe ta zauna a tsakiya. A bakin Tukunya Ashur, wanda ke gaba a lokacin, ya tsaya ya fito ya durƙusa a gaban taya yana sauke iska. Ragab ya kewaye shi ya danna masa ham sau biyu.

"Ba za ka sauke naka ba?" in ji Haj.

"Taya mai laushi mai take sha, ya Haj. Mu da muka iya tuƙi ba ma bukata."

Haj ya gyaɗa kai. Duk maganar da ta ƙare da rage shan mai tana shiga kunnensa ba sallama.

Tukunya kwari ne mai tsawon kilomita goma sha biyar, tuddan yashi dama da hagu, ƙasansa rairayi mai laushi. Kakanninmu ba su sa masa wannan suna don wasa ba. Da rana tsaka yashin kan saki jiki gaba ɗaya, mota ta nutse har rabin taya, sai da babbar giya da totur a ƙasa take rarrafawa. Tana tafiyar kilomita ashirin a awa, iska na bin ta a baya da gudun ashirin, ke nan babu ko numfashi ɗaya da ke shiga ta hancinta. A nan ne fanka ke cin abincinta. A nan ake jin jif ɗin kirki ta tashi da ruri, ana jiyo ta daga bayan tudu.

Ta Ragab kuwa sai ɗan kukan nan siriri. Tayoyin masu tauri suna haƙa yashi maimakon su hau kansa, injin na gurnani, allura ta bar tsakiya ta fara hawa. Kilomita uku, ta kai kashi uku cikin huɗu.

Maganin abin babu wanda bai san shi ba a garinmu, har matan da ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Ka tsaya, ka juya hancin mota arewa, ka ɗaga bonet, ka bar inji na kaɗawa a hankali, ka dafa shayi. Kafin ka shanye kofi na biyu allura ta sauko. Abin da zai ci maka bai wuce rabin lita ba, kuma Ragab na da rarar lita huɗu. Amma in ya ɗaga bonet Haj zai ga abin da ke ciki. Kuma Kunkuru zai iso ya same shi a tsaye, hanci a arewa, daidai yadda ya faɗa a bayan rumbu. Wannan na biyun ne ya fi tsaya masa a maƙogwaro.

Sai ya ɗauki kwalin sigarinsa ya jingina shi a gaban allurar. Ya saci hannu ya murɗa hita har ƙarshe, don ta janye wani zafin daga inji.

Ba a yi minti biyu ba Haj ya fara ɗaga ƙafafu.

"Kai Ragab, gasa ni kake yi? Ƙafafuna!"

"Zafin yashi ne, ya Haj, ta ƙasa yake shigowa."

"Shekara saba'in ina taka yashin nan, bai taɓa hura mini iska a idon sawu ba. Kashe abin nan!"

Ya kashe. Ya ƙara danna totur, yana lissafi a zuci: saura kilomita takwas, saura bakwai da rabi, in dai aka fita kan tsakuwa aka ɗauki gudu shi ke nan. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya fara shigowa. Ya kunna sigari don ya danne shi. Da ya kasa haƙuri ya ɗan karkata kwalin da yatsa ya leƙa, sai ya ga allura ta sauko. Ta bar ja, ta dawo tsakiya, tana ma ƙara yin ƙasa.

Daɗi ya kama shi har ya ce alhamdu lillahi a fili. Kaico, direban shekara ashirin! Allurar nan zafin ruwa take aunawa, kuma in ta faɗi haka kwatsam a tsakiyar Tukunya, ruwan ne ya ƙare. Ya san wannan sarai, ya sha faɗa wa wasu ma a teburin shayi. Amma a wannan minti ɗin ya zaɓi ya yarda da injiniyan Jamus.

Motar ta fara rasa ƙarfi. Wani ƙara ya taso daga gaba, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ta yi tari biyu, ta girgiza, ta mutu.

Babu abin da ake ji a duk faɗin kwarin sai 'yar fankar roba, tana can tana ta juyawa da ƙarfin batir, bil haƙƙi da gaskiya.

Haj ya sauka da kansa, ya naɗe hannu da gefen rawani ya ɗaga bonet. Hayaƙi mai warin ƙonannen mai ya bugi fuskarsa. Ya ja baya, ya jira ya lafa, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wannan mece ce?"

"Fanka ce, ya Haj."

"Babbar fa?"

"Na... na sauke ta. Tana shan mai."

"Kawo ruwa a zuba."

Ragab ya leƙa mota ya fito da gorar roba ɗaya, an sha rabi.

Haj ya dubi gorar, ya dubi Ragab, ya dubi tuddan yashi. "Ni marowaci ne," ya ce, "duk Bawiti an sani, kuma ban taɓa jin kunyar abin ba. Amma ko ni ban taɓa toshe wa saniyata hanci don ta rage cin harawa ba. Ka ɗauko ni, da tsufana da ciwon sukarina, ka kawo ni tsakiyar Tukunya da rabin gora? Ba ni nan!" Ya fizge gorar ya je ya rakuɓe a 'yar inuwar da ke gefen mota.

Ragab ya tsaya a rana, don inuwar ba ta isa mutum biyu ba, kuma ba a gayyace shi ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ba na ƙishirwa ba, don ya san Ashur na tafe. Tsoron abin da ke ƙarƙashin bonet ne. Ya kasa ko kallon wajen. Ya sa hannu ya cire wayar fankar don kukanta ya ishe shi.

Sai bayan minti arba'in suka jiyo ruri daga arewa, yana tashi yana sauka. Motar Ashur ta ɓullo tana tafe a kan tayoyinta masu laushi, ba sauri ba tsayawa. Ya zagayo ya juya hancinta arewa kafin ya tsaya. Ya sauke jarka, ya fara ba Haj, ya jiƙa masa rawani, sannan ya miƙa wa Ragab kofi. Ragab ya karɓa ya shanye ruwan da ya ce a riƙe.

Ashur ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya ga abin da ke jikinta ya koma kalar shayi da madara. Ya ɗauko babbar sifana ya kama notin gaban inji, ya ja da hannu biyu, ya sa ƙafa ya taka. Ko gezau, inji ya ƙone ya maƙale. Ya mai da sifanar cikin buhunta, ya goge hannu.

"Allah ya ba ka haƙuri, Abu Hani," ya ce, da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ragab ya buɗe baki zai ce wataƙila in ta huce, sai ya rufe.

"Sauke tayoyinka," in ji Ashur, "ba zan iya jan ka a haka ba."

Ragab ya durƙusa a yashi mai ƙuna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauke iska, Haj na tsaye a kansa yana duba agogo yana tsaki, don zaman rabon ruwa ya riga ya wuce shi. Aka ɗaura igiya. Haj ya tattara jallabiyarsa ya koma motar Ashur ba tare da ya waiwaya ba.

Jan mataccen jif mai durom biyu a cikin Tukunya ba ƙaramin aiki ba ne. Motar Ashur ta yi ta ruri tana watso wa Ragab yashi a gilashi, sitiyari ya yi masa nauyi kamar an zuba masa siminti, birki sai ya miƙe tsaye a kai kafin ya kama. Sau uku suka kafe suka tona da hannu. Sau biyu Ashur ya kwance igiya ya juya hanci arewa ya dafa shayi, ya zuba kofi uku, kuma Ragab ya sha nasa yana kallon ƙasa. Kilomita bakwai ɗin nan sun ci musu awa biyu.

Sun fito kan tsakuwa, sun yi tafiya mai nisa, rana ta yi ja, saura kilomita ashirin da biyar a shiga gari, Ashur ya ɗaga hannu ya tsaya. Ya zo tagar Ragab.

"Fitilar mai ta kama tun ɗazu. Jan nan ya shanye ni. Ba zan kai mu ba."

Haj ya fito yana miƙa. "To ai ga mai can a tankin Basha, yana kwance ba aikin fari ba na baƙi."

Ashur ya ɗauko tiyo da jarkar ruwan da ta ƙare. Ya juya tiyon a hannu, ya ɗan yi tari. "Ka yi haƙuri, Abu Hani. Tun aikin da aka yi mini a ƙirji likita ya hana ni zuƙa."

Babu wanda ya dubi Haj. Ragab ya karɓi tiyon ya zura a tankinsa, ya durƙusa, ya sa baki ya ja. Bai zo ba. Ya sake ja da ƙarfi, dizal ya taho gaba ɗaya ya cika masa baki har hanci. Ya tofar, ya yi ta kakari, hawaye na zuba, ya cusa bakin tiyon a jarka. Man ya yi ta kwarara, shi yana riƙe da tiyon yana kallo. Jarkar lita ashirin ta cika taf, ya toshe tiyon da babban yatsa, kuma har yanzu da saura a tanki. Shi ya ɗauki jarkar ya kai, shi ya ɗaga ta ya juye a motar Ashur har ɗigon ƙarshe.

Haj ya zura sandarsa a tankin Ragab, ya zaro, ya auna da yatsa.

"Ashirin a jarka, takwas a tanki. Kai kuwa Ashur ko uku ba ka da su." Ya goge sandar a tayar mota. "Ni mutum ne mai magana ɗaya. Na ce wanda ya fi saura da mai, ban ce ta yaya zai dawo ba. Aiki naka ne, Ragab."

Ragab ya ɗago, bakinsa na naso.

"Talata ƙarfe shida na safe, ka zo ƙofar sito da motarka a loda gari. In shida ta yi ban ji ƙarar injinka ba, Ashur na kusa." Ya juya ga Ashur. "Kai ma ka zo da wuri, kar ka sa ni jira."

Ashur ya kau da kai, ya shiga naɗe tiyo.

Yau Lahadi. Ragab ya dubi bonet ɗin motarsa, ya tofar da yawu mai ɗanɗanon dizal, ya goge baki da hannun riga.

"Na gode, ya Haj," ya ce. "Allah ya kai mu."

Ya shiga ya zauna, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya jira igiya ta miƙe.